Amsar Yaya kan HD 600 da zancen amfilifaya

(An juyar da muryar nan zuwa rubutu saboda 'yan guruf da suka ce datarsu ba za ta ɗauki doguwar murya ba. An bar maganar yadda aka yi ta.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena, na saurari muryarka tun da rana, hidima ce ta hana ni amsawa sai yanzu. Ka ce ka sayi hedifon Sennheiser HD 600 tokumbo, ka jona shi a waya, ka ƙure murya har ƙarshe amma sautin a shaƙe, babu ƙarfi, babu bes, har tsohon iyafis ɗinka ya fi shi tashi. Kana tambaya ko jabu aka sakar maka, in kuma ba jabu ba ne wane amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ya dace da shi, don wani ya ce maka sai mai ƙwan fitila, wato mai kwalaben gilashi da ke ci kamar fitila maimakon tiransisto. To kwantar da hankalinka. Abin da ka faɗa ɗin nan, haka HD 600 na gaske yake yi a waya. Da ka ce min ka jona shi ya hau tsawa, da na fi zargi.

Bari in fara da lambar da ke jikin kwalinsa. Za ka ga an rubuta om 300. Iyafis da yawancin hedifon na kasuwa om 16 ne ko 32. Wannan lambar tana gaya maka yadda abin yake turje wa wuta. Shi HD 600 tun 1997 Jamusawa suka fitar da shi, lokacin da a gida ake jona hedifon, a jikin babban rediyo ko na'urar sutudiyo, ba wanda yake tunanin wayar hannu. Ɗauki ɗan dongul ɗin nan na Apple, mai bakin USB-C, wanda ake jona hedifon a waya da shi. Na Amurka bolt 1 yake bayarwa, na Turai kuma rabin bolt. Bolt 1 a kan om 32 zai ba ka wajen miliwat 31. Bolt 1 ɗin dai a kan om 300, miliwat 3 da 'yan kai. In na Turai ne a hannunka, ko miliwat 1 ba ka kai ba. Ka ga inda ƙarfin ya tafi ke nan. Kuma kayan da ke shigo mana Legas a cakuɗe suke, wani daga Ingila, wani daga Amurka, wani daga Dubai, a ido duk ɗaya.

Ka san injin da ke tura ruwa zuwa tankin saman bene? Wani gida bututunsa siriri ne, tankin kuma can sama, abin da yake buƙata shi ne matsi. Wani kuma bututun ƙato ne, tankin a ƙasa, shi yawan ruwa yake sha. HD 600 na farkon ne, bolt yake nema. Irin su HiFiMan Sundara, da Malam ya tambaya a kai jiya, na biyun ne. Om ɗinsa bai kai 40 ba, sai mutum ya ɗauka waya za ta ja shi, alhali shi zuƙar wuta yake yi, kuma bai cika tashi da wuri ba. Shi ya sa kallon om kaɗai yaudara ce. Akwai lamba ta biyu, wadda ake rubutawa da dB, wato ma'aunin ƙarar sauti, ita ke nuna irin ƙarar da zai yi da 'yar wuta kaɗan. Susvara na kamfanin HiFiMan ɗin dai, mai dala 6,000, om 60 ne kacal, amma dB 83 aka rubuta masa, har wasu da amfilifayar lasifika suke tuƙa shi. Kuma ku riƙe wannan: duk ƙarin dB 3 sai ka ninka wuta biyu, ƙarin dB 10 kuwa sai ka ninka ta goma.

Yanzu zancen mai ƙwan fitila. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya ba ka. Shi ma amfilifaya yana da nasa om a bakin da ake jona hedifon. Ƙa'idar da masu harkar suke bi ita ce, om ɗin amfilifaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon. Na zamani masu tiransisto, irin su JDS Labs Atom, Schiit Magni, Topping L30, nasu bai kai om 1 ba ko kusa da haka, don haka ba sa taɓa launin sautin, yadda aka ba su haka suke miƙawa. Amma masu ƙwan fitila da ba su da taransifoma a bakin fita, irin Bottlehead Crack, wanda a warwatse ake sayar da shi kai ka harhaɗa da kanka, nasa wajen om 120 ne. To shi HD 600, om 300 ɗin nan ba a tsaye yake ba. Idan sauti ya sauko wajen kauri, kusa da hez 100, om ɗinsa yana hawa ya wuce 500. Sai amfilifaya mai yawan om ya fi ba wannan wurin rabo. Sakamakon shi ne bes ya ɗan kumbura, murya ta yi ɗumi, kalangu ya yi jiki. Wannan shi ne daɗin da mutane suke ta yabo. Ba siddabaru ba ne, lissafin wuta ne.

Kuma wallahi akwai daɗi, ban musa ba. Na zauna na saurari HD 650, ƙanensa da ya fito a 2003, a kan irin wannan amfilifaya, da karatun Alƙur'ani da aka ɗauka da kyau. Kana jin numfashin mai karatu kafin ya ɗauko aya, kana jin gunna tana fita ta hanci a cike, madda kuma ta miƙe ba tare da kaifin da ke soke kunne ba. A wurin muryar mutum, ni dai har gobe ban ga abin da ya ture wannan iyalin na 600 da 650 a kuɗinsu ba.

Sai dai ka ɗauki wannan amfilifayar ka jona mata Focal Clear na Faransa, mai om 55, bes ɗin zai yi yawa ya cakuɗe, ya rufe garaya. Ka jona mata Sundara, shi launinsa ba zai canja sosai ba tunda om ɗinsa a miƙe yake daga sama har ƙasa, amma yawancin wutar a cikin amfilifayar za ta ƙare, ka ji ganga ta yi laƙwas. Wato mai ƙwan fitila irin wannan ta hedifon ɗaya ce ko biyu. Mai tiransisto mai tsabta kuwa kowa nata ne. Ga wanda zai fara, ni a wurina zancen ya ƙare a nan.

Sannan mu yi maganar inda muke zaune, don masu bitar kayan nan a YouTube ba a Agege suke ba.

Na farko wuta. Mu bolt 230 muke a kai, hez 50. Amurka 120. Amfilifaya da yawa da ake kawowa daga can, musamman masu taransifoma mai nauyi, na wutar can ne kaɗai. Ka jona kai tsaye, ka ji ƙauri, shi ke nan. Juya bayanta ka karanta kafin ka miƙa kuɗi. In an rubuta 100 zuwa 240, ka huta. Bayan haka ga hawa da saukar wuta, ga sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Ƙwan fitila yana son a kunna shi ya yi ɗumi a hankali, ba a ɗauke a dawo a ɗauke a dawo ba. Kuma zafi yake fitarwa na gaske. Ka tuna ɗakinka a watan Maris, fanka ta tsaya, ga ƙwai biyu suna ci a kan tebur. In ya mutu kuma, ba kowane shago a Alaba ko Computer Village za ka shiga ka samu irinsa ba, sai an yi oda. In inbata kake amfani da ita, ka tabbatar mai tsabtataccen layin wuta ce, wadda masu sayarwa suke ce wa fiyo sayin. Mai arahar nan takan sa taransifoma ta riƙa gurnani, kuma gurnanin har cikin kunne. Gidaje da yawa kuma ba su da wayar ƙasa mai kyau, sai ka ji wani zuuu a bayan waƙa, ka ɗauka amfilifayar ce ta lalace. Gwada cire cajar laftof ɗin. In zuuu ɗin ya tafi, ka gano ɓarawonka. Saboda wannan ne ma nake son ƙananan DAC, wato na'urar da ke mayar da fayil ɗin waƙa sauti, masu cin wuta daga USB ko masu batir, kamar na FiiO da iFi. Laftof da su kaɗai, ba ruwanka da wutar bango.

Na biyu hayaniya, kuma wannan ya fi komai muhimmanci amma ba a faɗa. HD 600 bayansa a buɗe yake, raga ce kawai. Duk abin da ke waje yana shiga, duk abin da kake ji na kusa da kai yana ji. Haka HD 800 S, haka Sundara, haka Audeze LCD-X, haka Focal Utopia da aka fitar a 2016 a kan dala 4,000. Yanzu da nake maganar nan janaretan maƙwabta biyu ke aiki, kuna jin su. Ƙarar janareta a wajen kauri take zaune, daidai inda bes ɗin HD 600 yake da rauni dama. Ko da amfilifayar miliyan ka zo, janareta zai cinye wannan ɓangaren. Sai ka yi ta ƙara murya don ka rufe shi, a nan kuma kunne ke tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dB 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar babba, kuma da ka ƙara kaɗan lokacin yake raguwa sosai. Idan ɗakinka na bakin titi ne, danfo da 'yan acaba suna ta oda, gara mai rufaffen baya. Beyerdynamic DT 770 Pro yana zuwa kala uku, om 32 da 80 da 250. Na 80 ɗin ya isa yawancin mutane, sai dai samansa da kaifi, in algaita ta shigo za ka sani.

Hedifon Stax na Japan kuwa, da wani ya turo hotonsa kwanaki, ku bar shi a hoto. Shi da nasa akwatin wuta na musamman yake aiki, bolt 580, kuma ba ya shiri da laima da ƙura. Legas ga laima, in ka kai shi gida Arewa ga hunturu.

Wani abu kuma, tunda tokumbo ka saya, duba soson kunnen. Na HD 600 yadi ne mai laushi, da gumi da daɗewa yake kwantawa. In ya kwanta, kunnenka ya matso kusa da lasifikar, sautin ya dushe, saman ya tafi. Matsa shi da yatsa, in bai taso da sauri ba ya gama aiki. Abin da ya sa nake son wannan hedifon ke nan, komai nasa ana cirewa a sauya, soso, waya, har matashin saman kai. Sabon soso na asali zai canja maka sauti fiye da wayar azurfar da ake tallatawa. Ita wayar azurfa da ta zinariya, ka riƙe kuɗinka. Bakin nan na milimita 4.4 da ake ce wa balans, amfaninsa a yawancin ƙananan na'urori shi ne yana ba da ƙarin bolt, kuma ga om 300 wannan abin so ne, amma iyakarsa ke nan.

Kada kuma ka manta da abin da kake zuba masa. Waƙoƙin da muke turawa juna a guruf, an matse su an sake matsewa. Tsofaffin kiɗan goge da kukuma da aka kwafo daga kaset, da shuuu ɗinsu suka zo. Hedifon mai kyau ba ya gyara wannan, tona shi yake yi. HD 800 S ma ya fi kowa rashin kunya a nan, faɗin filinsa abin mamaki ne amma duk wani aibi sai ya nuna maka. 600 ɗinka ya fi shi sassauci ga irin kayanmu.

To abin da zan ce ka yi. Kada ka sayar da shi, kada kuma ka je neman mai ƙwan fitila yanzu, ballantana da dala ta haura dubu tuntuni. Nemi ƙaramar mai tiransisto wadda ke da DAC a ciki, irin FiiO K7 ko iFi Zen DAC, ko Atom in ka samu wanda zai taho maka da ita, amma ita ba ta da DAC a ciki, kuma sai ka duba wutar adaftarta. Ka je da hedifon ɗinka da waƙar da ka sani sarai a gwada a gabanka. In za ka kwatanta biyu, daidaita ƙararsu tukuna, don kunne kullum wadda ta fi ƙara yake ba gaskiya, masu shago kuma sun san haka. Kuma kada ka yanke hukunci a tsakiyar titin Otigba na Computer Village da rana tsaka, ba abin da za ka ji. Ka roƙi a shiga da kai ciki a rufe ƙofa.

Ka turo min hoton kwalin da na cikin kofin kunnen in duba maka, da hoton dongul ɗin da kake amfani da shi, lambar da ke jikinsa nake so in gani. In kana da sarari ranar Asabar bayan la'asar, taho da shi gida ka jona a tawa ka ji da kunnenka kafin ka kashe ko kwabo. Malam, kai ma zo da Sundara ɗin, akwai baki biyu. A gaida mutan gida.