Amsoshin Tambayoyinku: Wane Magani Zan Saya Wa Gonar Sanfulawa?

Tambaya: Na shuka sanfulawa kadada biyu, kawunan sun fara buɗewa, sai na ga tsutsa tana cin su. Mai sayar da magani ya ce in haɗa kala biyu in riƙa fesawa duk mako. Wanne zan saya? Daga wani manomi a Giwa.

Amsa: Malam, Allah ya ba da yabanya mai albarka. Shawarata ta farko ita ce kada ka fitar da ko kwabo sai ka shiga gonar da sassafe, ka ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwa, ka duba kawuna kamar hamsin, gaba da baya. Mai yiwuwa abin da ka gani tsutsar nan ce da manoman auduga da tumatir suka daɗe da sani, wadda uwarta ke yawo da dare tana ajiye ƙwai ɗai-ɗai a jikin fure. Launinta yakan zama kore ko ruwan ƙasa, da ratsi a gefe, kuma za ka ga kashinta baƙi-baƙi a tsakanin 'ya'yan. Idan kawuna kaɗan ne ke da ita, a tsince ta da hannu, domin wannan ya fi feshi arha. Idan kuwa kusan kowane kai yana ɗauke da ƙaramar tsutsa, to lokacin magani ya yi, kuma a gaggauta, saboda da zarar ta girma ta shige cikin kai, magani ba ya isa gare ta sosai.

Batun feshi duk mako kuwa, ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma dalilina shi ne ƙudan zuma. Furannin da ke kan sanfulawa suna buɗewa ne daga gefe zuwa tsakiya cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, kuma ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin fure daga wannan kai zuwa wancan. Manomin da ya kashe su da hannunsa zai girbe manyan kawuna masu ban sha'awa, amma idan ya murza 'ya'yan sai ya tarar da yawansu holoƙo ne, babu ƙwaya balle mai. Wannan asara tana ba ni takaici, domin mutum ya sayo ta ne da kuɗinsa. Feshin barkatai yana kuma hallaka gizo-gizo da zanzaro da sauran ƙwarin da ke farautar tsutsar kyauta.

Idan sayen ya zama dole, ka fara neman maganin da aka yi da wata ƙwayar bakteriya da ake kira Bt, wanda ke kashe ƙananan tsutsotsi ba tare da ya cutar da zuma ba. In ba ka samu ba, ka nemi mai sinadarin emamectin benzoate, amma ka sani shi ma yana kashe zuma idan ya same ta, saboda haka sai bayan la'asar sakaliya, lokacin da ta koma amya, kuma ka sanar da maƙwabcinka mai amya tun da wuri. Ka guji mai sinadarin imidacloprid muddin gona tana fure. Kada ka haɗa kala biyu da ka, kada kuma ka dogara da sinadari guda kaka bayan kaka, domin wannan tsutsa ta yi suna wajen sabawa da magani. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalba, ka bi ma'aunin da aka rubuta, ka rufe hanci da hannu.

Tambaya: Shin ruwan darbejiya yana aiki da gaske, ko ɓata lokaci ne? Daga wata manomiya a Bichi.

Amsa: Hajiya, yana aiki, in an san iyakarsa. A daka ƙwayar 'ya'yan darbejiya busassu, kimanin giram 50 ga kowace lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ta kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ta toshe bakin injin feshi, a ɗan sa sabulu domin ruwan ya kama ganye. Ba ya kashewa nan take. Yana hana ƙwaro cin abinci ne, ya kuma dagula masa girma, shi ya sa ya fi tasiri a kan darɓa da ƙananan tsutsotsi. Rana tana karya ƙarfinsa da sauri, don haka a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda.

Tambaya: Bara gara da tsutsar ƙasa sun yanke mini tsiro da yawa. Me zan tanada bana?

Amsa: Kuɗinka ya fi amfani a kan iri da gyaran gona. Ka nemi iri mai inganci wanda aka wanke da magani, irin jerin SAMSUN na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ka kuma tambayi malamin gona wanda ya dace da yankinku. Ka yi huɗa mai zurfi domin tsutsar da ta kwanta a ƙasa ta fito rana da tsuntsaye su gama da ita, ka kwashe karan bara, ka yi noma da wuri don kada ciyawa ta zame mata maɓoya. Gonar da ta ɗauki sanfulawa ko auduga bara, a ba ta dawa ko gero bana.