Tambaya da Amsa: Tashar Edge Hill da jiragen da ake ja da igiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce akwai wata 'yar tashar jirgin ƙasa a gefen birnin Liverpool na Ingila, inda a zamanin da ake jan jirage da igiya. Gaskiya ne? Me ya hana kan jirgin yin aikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne. Tashar Edge Hill ce, a kan layin Liverpool zuwa Manchester da aka buɗe ran 15 ga Satumba, 1830. Ginin da ke wurin yanzu na 1836 ne, kuma har yau fasinjoji na hawa da sauka a can.

Gangara ce ta jawo haka. Edge Hill na kan tudu, tsakiyar gari da tashar jiragen ruwa kuwa suna ƙasa, sai an bi ta ramin ƙarƙashin ƙasa ake kai musu. Ramin Wapping, wanda ya nufi tashar jiragen ruwa, mai tsawon kusan kilomita 2, yana hawa mita 1 a kowace mita 48. Ke nan kowane tan ɗaya na kaya yana buƙatar ƙarin ja na kusan kilo 21, ninki da yawa na abin da ake buƙata a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kawunan jiragen lokacin ba su da nauyi. Rocket, wani shahararren kan jirgi na wannan layin, bai fi tan 4 da 'yan kai ba. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe, in nauyi bai danne ta ba, juyawa kawai take yi a wuri ɗaya, balle in danshin rami ya jiƙa dogo. Ga kuma hayaƙi da zai shaƙe mutane.

Saboda haka aka girke injin tururi a Edge Hill. Jirgi in ya iso, sai a cire kansa, taragun su gangara da nauyinsu, masu birki na riƙe da su. In za a hau, a ɗaura taragun a jikin wata doguwar igiya da ke zagaya babban gargare, injin ya jawo su sama, sannan a mayar da kan. Igiyar ce wurin matsala: in ta saki sai ta riƙa zamewa, in ta tsufa ta tsinke, daga nan sai abin da birki ya yi.

Haka aka riƙa yi tsakanin Edge Hill da babbar tashar Lime Street da ke tsakiyar gari daga 1836 har 1870, lokacin da kawunan jirgi masu ƙarfi suka karɓi aikin.