Maganin kyauta na asibitin gwamnati yana da ƙarfi kuwa?

Tambaya: Likita, mahaifina ya fi wata guda yana tari, ga rama da zufar dare. Ba mu da inshora, ba mu da hali. An ce mu je asibitin unguwa, amma maƙwabta sun ce maganin kyauta ba ya aiki, gara allurar kemis. Ina mafita?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Malama, waɗannan alamun na iya zama na tarin fuka. Gobe da safe ki kai shi asibitin gwamnati mai sashen DOTS, wato sashen kula da masu tarin fuka, ki ce a yi masa gwajin majina na GeneXpert. Gwajin da maganin tarin fuka duk kyauta ne a Najeriya, ko da inshora ko babu. Idan ba ki san inda sashen yake ba, kira 3340. Hoton ƙirji ne wani lokaci ake biya. Don sauran larurori, ki tambayi rajistar BHCPF, shirin gwamnati na kula da lafiyar marasa hali, a asibitin mazaɓarku, ki tafi da lambar NIN. A Kano hukumar inshorar lafiya ta jiha, KSCHMA, ke yin ta.

Sai maganar maƙwabta, wadda ta ishe mu. Kyauta ba ta nufin banza, gwamnati da masu tallafi sun riga sun biya. Ƙwayar farko magani huɗu ce a haɗe: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol. Wata 2 ake sha, sannan wata 4 na guda biyun farko, kullum, gwargwadon nauyin mutum. Me mai kemis zai bayar? Ciprofloxacin, maganin tari da ƙarin ruwa. Tarin ya lafa kwana kaɗan, a ce an warke, alhali huhu na ci gaba da cinyewa, jikoki na shaƙa. Ciprofloxacin shi kaɗai ma yana koya wa ƙwayar cutar jure magungunan da muke tanada don tarin fukan da ba ya jin magani. Sai an sayar da akuya an ƙarar da kuɗin, sannan a kawo mana mutum a kwance a ce asibiti ya gaza.

Haka masu ajiye maganin a wata na biyu don sun ji sauƙi. Su ne ke dawowa da tarin da ba ya jin magani. Idan Baba ya fara shan maganin, fitsarinsa zai yi ja-ja, wannan aikin rifampicin ne, kada a tsorata. Amma idan idonsa ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, a mayar da shi asibiti a ranar. Yaran gidan 'yan ƙasa da shekara 5 su ma a kai su a duba.