Digiri ko koyon kodin a gida? Amsoshin tambayoyinku

Shekarata 19, na samu gurbin karanta kimiyyar kwamfuta a jami'ar tarayya. Abokina da ke haɗa wa mutane shafukan intanet ya ce shekara huɗu asara ce, wata shida a YouTube ya ishe ni. In karɓa ko in bari? — Wani matashi, Zariya

Karɓi gurbinka, ƙanina. Abokinka yana da gaskiya ta fuska ɗaya: jami'a ba za ta mayar da kai marubucin manhaja ba. Ana iya gama aji huɗu da sakamako mai kyau alhali mutum bai taɓa haɗa manhajar da wani ya yi amfani da ita ba, kuma har yau akwai inda ake rubuta kod, wato umarnin da ake haɗa manhaja da shi, da biro a takardar jarrabawa. Hannu ba ya faɗawa sai a gaban kwamfuta.

Sai dai akwai wuraren da ba a kallon aikinka sai an fara ganin kwalinka. Gwamnatin tarayya tana ɗaukar mai digiri a matakin albashi na 8, kuma sai ya nuna takardar bautar ƙasa ko ta ɗauke masa ita. Bankuna da manyan kamfanoni idan za su ɗauki sababbin ma'aikata sukan tace takardu da darajar digiri da shekarun haihuwa tun kafin a kira kowa intabiyu. Digiri na biyu da tallafin karatu a waje ma sai da na farko. Ƙananan kamfanonin manhaja da masu ba da aiki ta intanet su ne ba su cika damuwa da kwali ba. Su abin da ka gina suke so su gani.

Abu na biyu shi ne tushe, kuma a nan mai wata shida yake yin tuntuɓe. Ɗauki manhajar wani shago da za ta nemo lambobin wayar da suka maimaitu a cikin jerin abokan ciniki. Wanda bai san tsarin ajiye bayanai ba zai sa ta kwatanta kowace lamba da dukkan sauran. Da mutum 200 ba za a ga matsala ba. Ranar da suka kai 100,000, kwatancen ya zama na biliyoyi, manhajar ta sandare, mai shago yana ta kira. Wanda ya yi darasin ya san da teburin hash, wato tsarin da ke gano abu nan take ba sai an bi jerin duka ba, zagaye ɗaya ya wadatar. Ko ka buɗe Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, ka rubuta 0.1 + 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004. Dalilin da ya sa ke nan ake ajiye kuɗi a kwabo-kwabo, cikakkiyar lamba, ba naira da ɗigo ba. Haka nan idan buƙatun cire kuɗi biyu suka faɗo kan asusu ɗaya a daƙiƙa guda, kowace ta ga akwai naira dubu goma, kowace ta cire dubu takwas. Rumbun bayanai yana da hanyar kulle layin har ɗaya ta gama, amma sai wanda ya san da matsalar zai nema. Duk waɗannan ana iya koyonsu a gida. Kaɗan ne ke yi, don babu mai tilasta musu, kuma darussan ba su da daɗin kallo.

Ka kuma sa a ranka shekara huɗun a takarda ne. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Na 2020 ya kai kusan wata tara. Irin wannan zaman gida shi ne lokacin yin abin da abokinka ke faɗa. Tun aji ɗaya ka buɗe asusun GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, kowane zango ka gama ƙaramin aiki ɗaya da wani zai iya taɓawa, ko da na lissafin kuɗin makarantar Islamiyyar unguwarku ne. Idan lokacin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, ya zo, kada ka kai takardarka ofishin da za a sa ka fotokwafi. Nemi inda ake rubuta kod ko da ba za su biya ka ba.

Ina da digiri a kimiyyar sinadarai, na gama bautar ƙasa, shekarata 27. Ina son wannan sana'a. In sake cike JAMB? — Wata baiwar Allah, Gombe

A'a, malama. Yawancin tallan aiki “digiri a kimiyyar kwamfuta ko makamancinsa” suke cewa, da yawa kuma kowane digiri sun karɓa. Kwali kina da shi, gwaninta ce ta rage. Fara da CS50, darasin share fagen kimiyyar kwamfuta na jami'ar Harvard a intanet, kyauta ne, kuma ki yi aikin gida na kowane mako, don kallon bidiyon kawai ba ya zama a kai. Daga nan ki zaɓi hanya ɗaya. Tunda kin saba da alƙaluman ɗakin gwaji, Python da SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, don nazarin bayanai sun fi kusa da ke. Awa biyu kullum, ki ba kanki shekara guda, ba wata uku ba. Idan daga baya kika so koyarwa ko digiri na biyu a fannin, akwai difloma ta bayan digiri, wato PGD, wadda jami'o'i da dama ke yi cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Ɗana ya gama sakandare bai samu jami'a ba bana. Wata cibiya ta ce in biya, cikin wata shida za ta koya masa ta kuma sama masa aiki. Kuɗin da ke hannuna ba zai isa cibiyar da kwamfuta duka ba. Wanne zan fara? — Wani uba, Katsina

Kwamfuta, Alhaji, babu ko tantama. Yaron da ke taɓa kwamfuta awa biyu a cibiya ya dawo gida hannu rabbana ba zai iya ba, komai ƙwarewar malaminsa. Darussa kuwa ga su kyauta a freeCodeCamp da The Odin Project, ga kuma shirin koyar da fasaha na 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta fara a 2023.

Ba sai sabuwa ba. Ta hannu mai kyau ta wadatar. A nemi mai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Core i5 ƙarni na takwas ko sama, domin Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan na ƙasa da haka, ita kuma Windows 10 Microsoft ta daina kula da ita tun Oktoban 2025. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kada ya gaza 8GB. Idan manhajar Android zai haɗa, 16GB. Ma'ajiya ta zama SSD, aƙalla 256GB. Irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook an yi su ne don ofis, suna da juriya, kayan gyaransu kuma ba sa wuyar samu. Kafin a miƙa kuɗi a danna kowane maɓalli, a shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, a tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, sannan a buɗe Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, a rubuta powercfg /batteryreport a ga abin da ya rage na ƙarfin batir. Batirin da ya faɗi ƙasa da rabi, da wannan wutar tamu, sayen wahala ne. A ware wani abu na data.

Ita kuwa cibiyar, duk mai alkawarin aiki a ce ya haɗa ku da mutum uku da suka gama a wurinsa, ku ji daga bakinsu. Takardarta ba ta maye gurbin digiri, don haka yaron ya sake zama JAMB baɗi: Turanci, lissafi da fiziks, da ɗaya daga cikin darussan da jami'ar ta amince da su.

Ina da ND, shekara huɗu ina rubuta manhaja ana biyana. Burina aiki a waje. Rashin digiri zai hana ni? — Wani mai karatu, Kano

Ya danganta da ƙasar. Bizar H-1B ta Amurka tana neman digiri ko kwatankwacinsa, inda ake lissafa shekara uku ta aiki a matsayin shekara ɗaya ta jami'a. Kanada maki take ba masu neman izinin zama, digiri kuma yana ƙara maki. Jamus ta sassauta: tun Nuwamban 2023 ma'aikacin fasahar sadarwa marar digiri zai iya samun katin Blue Card, wato izinin zama da aiki, idan ya yi aƙalla shekara uku yana aikin cikin shekara bakwai da suka wuce, kuma albashin da aka yi masa tayi ya kai mizanin da suka sa. Abin da zai ba ka wahala hujja ce. Aikin da aka biya ka ta taransifa babu takarda, a wurin ofishin jakadanci tamkar ba a yi ba. Daga yau ka riƙa karɓar wasiƙar kwangila da ta shaidar aiki, mai kwanan wata da bayanin abin da ka yi. Idan kana son ƙara digiri ba tare da ajiye aiki ba, ND mai sakamako mai kyau tana shigar da kai aji biyu kai tsaye, kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da kimiyyar kwamfuta.