Dikoda ɗaya, ɗakuna huɗu: me ya sa kowa ke kallon tasha guda?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Kano nake, talabijin huɗu gare mu: falo, turakata, ɗakin uwargida da na amarya. Shekara da shekaru eriya ɗaya ce a saman kwano, waya ta rarrabu zuwa ɗakuna, kowa na kama tashar da ya ga dama. Tun da na sayo dikoda aka haɗa mana, abin da aka sa a falo shi kowa zai kalla. Yara na son ƙwallo, iyayensu na son fim, kullum sai an kai ruwa rana a kan rimot. Mai haɗawar ne bai iya ba, ko dikodar ce jabu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mai haɗawa bai yi laifi ba, dikodar ma lafiyarta ƙalau. A tsohon tsari na analog, duk tashoshin suna tahowa tare a cikin waya, kuma kowace talabijin tana da nata abin zaɓen tasha a cikinta. Shi ya sa raba waya kawai ya wadatar da ku. A tsarin dijital kuwa, tashoshin suna zuwa a dunƙule, na kuɗi ma a kulle, tsohuwar talabijin ba ta san yadda za ta warware su ba. Aikin zaɓen tasha ya koma hannun dikoda, ita kuma irin wadda aka fi sayarwa tasha ɗaya take buɗewa a lokaci guda. Abin da mai haɗawa ya rarraba muku shi ne hoton da dikodar ta riga ta zaɓa.

Saboda haka kafin ka sake fitar da ko kwabo, kada ka ƙirga talabijin, ƙirga mutanen da za su so abu daban a lokaci ɗaya. Idan da dare kaɗai kake kunna ta turaka, lokacin falo ya watse, su biyun za su iya zama a kan dikoda ɗaya. Akwai ɗan na'urar da ake maƙalawa a waya domin rimot ya yi aiki daga wani ɗakin. Amma uwargida da amarya, shawarata kowacce a ba ta tata. Wannan ba maganar fasaha ba ce kawai, ka fi ni sani.

Eriya ɗaya ta ishe ku, in dai ta ƙasa kuke kamawa ba ta dish ba, irin FreeTV, GOtv ko StarTimes mai eriya. Wayar da ta sauko daga sama sai ta fara shiga sifilita, 'yar na'urar da ke raba waya, kowane reshe ya tafi ɗakinsa, dikoda ta zauna kusa da talabijin. Wato a raba kafin dikoda, ba bayanta ba. Sai dai rabon yana da farashi: sifilita mai baki biyu tana ba kowane reshe ƙasa da rabin ƙarfin sigina, mai baki huɗu kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A da in sigina ta yi rauni hoto ne zai yi yayyafi, a haka ake lallaɓawa a kalli labarai. Dijital ba ta san lallaɓawa ba: ko hoto tangaran, ko fuskar mai karanta labarai ta kakkarye ta daskare, murya na yankewa. In hakan ta faru, a sa busta, mai ƙara ƙarfin sigina, can kusa da eriya, kafin sifilita. Wanda ya sa ta a bayan talabijin, bayan siginar ta gama galabaita a hanya, hayaniya kawai yake ƙara wa ƙarfi.

Ka sa a duba wayoyin ma. Siririyar nan ta da, wadda rana ta gasa har bawonta ya tsattsage, a cire ta a sa mai kauri da ake kira RG6. Duk inda aka murɗa waya biyu da hannu aka naɗe da baƙin salatif, a yanke a sa kan waya mai zare. Sau da yawa abin da ake ɗora wa dikoda laifi, ruwan damina ne ya shiga irin wannan mahaɗar ya yi tsatsa.

Batun kuɗin wata: a GOtv da StarTimes kowace dikoda da nata biyan. DStv na da tsarin XtraView, inda ake haɗa dikoda har uku a kan biya ɗaya da ɗan ƙari duk wata.

Tambaya: Ni dish gare ni. Na raba wayarsa biyu da sifilita, amma in an kunna dikoda ta biyu sai wasu tashoshin ta farko su ɓace.

Amsa: Malam, wayar dish ba kamar ta eriya ba ce. Dikoda tana tura wuta ta cikinta zuwa LNB, ɗan kan nan da ke fuskantar farantin, bolt 13 ko 18, kuma da wannan take gaya masa rukunin tashoshin da zai turo. In dikoda biyu suka hau waya ɗaya, wannan ta ce 13 waccan ta ce 18, ɗaya ce za ta yi nasara. Sayi LNB mai baki biyu ko huɗu, kowace dikoda a ja mata wayarta tun daga sama. Farantin ba sai an canza shi ba.

Tambaya: An kawo mini talabijin ta hannu daga waje, an rubuta dijital a jikinta. Har yanzu sai na sayi dikoda?

Amsa: Hajiya, juya bayanta ko ki buɗe takardarta ki nemi DVB-T2. Shi ne tsarin da Najeriya ta ɗauka a sauyin daga analog zuwa dijital da NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ke jagoranta, wanda aka fara gwadawa a Jos a 2016, ya iso Kano a 2021, bayan wa'adin duniya na Yunin 2015 ya wuce ba a shirya ba. In T2 ɗin na nan, ki haɗa eriya kai tsaye ki sa ta binciko tashoshi, za ta kama duk waɗanda ba a kulle ba. In DVB-T kawai aka rubuta, kamar yawancin tsofaffin na Turai, ko ATSC na Amurka, ba za ta kama ba, sai da dikoda. Tashoshin kuɗi kuwa, ko da T2 ɗin, dikodar kamfanin ce ke buɗe su. In za ki haɗa dikoda da talabijin, yi amfani da wayar HDMI maimakon wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya. Hoton ya fi fita sosai.