Amsa kan tsohon rediyon da yake ta ƙona fiyus

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Toh na saurari muryar da ƙanenmu ya turo, yace tsohon rediyon mahaifinsa ne, irin manyan nan masu nauyi da amfilifaya a ciki waɗanda ake jona wa sifika biyu, ya kunna shiru, ya buɗe ya tarar fiyus ya ƙone, ya sa sabo, yana danna makunni shi ma ya tashi nan take, wai yanzu ko ya nemo wanda ya fi wancan ƙarfi ya saka.

Ƙanena dan Allah kar ka yi haka. Kar ka sa babba, kar ka naɗa masa waya, kar ka cusa takardar alminiyam, ko ɗaya. Shi fiyus mai gadi ne, in ka tarar da mai gadi a kwance to wani abu ne ya shigo gidan, abin da ya shigo shi za ka nema. In ka sa babban fiyus wutar da ya kamata ta tsaya a kansa za ta wuce ta je ta dafa taransifoma, kuma a irin waɗannan kaya na shekarun 1970 zuwa 1980, su Pioneer, Sansui, Marantz, Kenwood, taransifomar ce ta fi komai wuyar samu, in ta tafi sau da yawa rediyon ya tafi kenan. Balle ma haɗarin gobara.

Yauwa, fara da cire filogi daga bango, kashe makunni kawai bai isa ba. Ka ɗauko fiyus na farko, na asalin wanda ka tarar a ciki, ka duba bakin ƙarfensa akwai rubutu ƙanana, wani lokaci sai ka haska fitilar waya kake iya gani. Za kaga kamar T2A 250V ko F2A. Wannan harafin na gaba mutane da yawa basa kula da shi alhali shi ne rabin zancen. T na nufin mai jinkiri, F mai saurin yankewa. Dalili kuwa, lokacin da ka kunna rediyon, taransifoma da manyan kafasitocin nan masu tara wuta da suke wayam suna zuƙar wuta mai yawa a ɗan ƙiftawar ido kafin abu ya daidaita, mai T an yi shi ne ya daure wannan zuƙar, mai F kuwa ko lambarsu ɗaya yana iya tsinkewa alhali rediyon lafiyarsa lau. Saboda haka ka duba sabon da ka saka, in F ne a gurbin T to wataƙila matsalarka ba ta wuce nan ba. Kuma ka duba jikin allon da kayan ciki ke manne a kai, kusa da mazaunin fiyus ɗin, ko bayan rediyon, galibi kamfani ya rubuta lambar da ta dace, ita za ka bi, dan mai yiwuwa wani ya taɓa canzawa tun da can. Girma ma iri biyu ne aka fi gani, ƙarami milimita 5 da 20, dogo milimita 6.3 da 32.

Sannan ka leƙa baya ko akwai abin zaɓen ƙarfin wuta, 110, 120, 220, 240, wasunsu suna da shi. In yana kan 110 ka jona a wutar 220 ko 240 ai dole fiyus ya tashi. Kuma lambar fiyus ɗin tana canzawa da shi, na 110 kusan ninki biyu ne na 220.

Yanzu ɗaga fiyus ɗin da ya ƙone a haske ka kalli gilashin. In gilashin garau yake, siririn zaren ne kawai ya rabu a tsakiya ko ya ɗan lanƙwashe, wannan alamar tsufa ce ko an ɗora masa kaya ya ɗan fi ƙarfinsa. Amma in ciki ya yi baƙi ƙirin, ko kaga kamar an fesa azurfa a jikin gilashin ya zama kamar madubi, zaren babu shi ya narke gaba ɗaya, to wuta ce mai yawa ta bi ta kansa a lokaci guda, akwai abin da ya yi shot a ciki, wato wuta ta samu gajeriyar hanya ta bi inda bai kamata ba. Yadda kace na biyun ya tashi kana dannawa, ni zuciyata ta fi karkata nan.

Kafin ka taɓa ciki, cire wayoyin sifika duka da duk abin da aka jona. Ka duba bakin wayoyin da kyau, silin waya guda ɗaya tak in ya tsallaka daga ja ya taɓa baƙi ya isa ya kashe taranzistocin fitar da sauti. Haka masu jona sifika huɗu su kunna A da B tare, biyu masu om 8 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) sun koma 4, in masu om 4 ne sun koma 2, tsofaffin nan akasari basa iya ɗauka.

Toh ga abin da nake so kowa a gidan nan mai taɓa irin wannan aiki ya mallaka, gwajin ƙwan fitila. Ka samu ƙwai irin na da mai zare a ciki, wat 60 ko 100, banda LED banda mai tsimin wuta, waɗannan basa yi. Ka haɗa shi a kan layin wuta guda ɗaya ta yadda sai wuta ta ratsa ta cikin ƙwan kafin ta isa rediyon, a rufe haɗin da kyau kar a bar waya tsirara, in baka saba ba ka ba wanda ya iya ya haɗa maka. Sai ka sa fiyus daidai lamba, sifika a cire, murya a ƙasa, ka kunna kana kallon ƙwan. In ya haska fau sannan ya dusashe a hankali ya koma ja-ja ko ya kusa mutuwa, alhamdulillahi kafasitoci ne suka sha suka ƙoshi, babu shot. In kuwa ya haska ya tsaya a haske bai sauka ba, kashe, akwai shot. Daɗin abin shi ne ƙwan ne yake shanye wutar, fiyus ba zai ƙone ba, sauran kaya ma ba za su ƙara lalacewa ba, kana iya gwadawa sau nawa kake so kana cire abu ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin.

Amma ka ji wannan da kyau, manyan kafasitocin nan biyu masu kama da gwangwani suna riƙe wuta ko bayan an cire filogi, bolt 40, 50, a manyan rediyo ma fiye da haka. Ka auna su da mita, wato na'urar hannu ta awon wuta, tukuna, in da saura ka sauke ta da rezista, ɗan abin nan mai rage gudun wuta, kar ka haɗa ƙafafunsu da sukundireba, tartsatsin yana cin ƙarfe yana kuma lalata kafasitar.

Waɗanda na fi zargi, na farko taranzistocin fitar da sauti, su ne manne a jikin faffaɗan alminiyam ɗin nan mai haƙarƙari da ke shan zafi. Sa mitarka a alamar dayod, wato abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, ka auna tsakanin ƙafafunsu, mai lafiya zai baka wajen 0.5 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya, wanda ya mutu kuwa mita za ta yi ta ƙara tana nuna sifili ta ko'ina. Tunda ɓangare biyu ne hagu da dama, ka riƙa kwatantawa, wanda ya bambanta da ɗan'uwansa nan ciwon yake, in kana shakka ka cire shi daga allo ka sake aunawa. In ka samu ya mutu kar ka canza shi kaɗai ka kunna, duba ƙananan taranzistocin da ke tura shi da fararen rezistocin nan na kusa masu om 0.22 ko 0.47, sau da yawa tare suke tafiya, in ka bar ɗaya mara lafiya sabon ma zai bi sahu. Wasu rediyon kuma ba taranzista ɗai-ɗai gare su ba, baƙin ƙunshi ne guda an rubuta STK a jiki, na kamfanin Sanyo, shi in ya mutu gaba ɗaya ake canzawa, kuma jabunsa sun yi yawa sai an lura.

Bayan su sai dayod huɗun da ke juya wuta, awonsu iri ɗaya ne, sai kafasitocin kansu in kaga sun kumbura ko sun yi yoyo. Taransifoma ita ce ƙarshe, in ka cire wayoyinta masu fita duka amma ƙwan bai daina haske ba, to ita ce.

Af, wani abu, a bayan gilashin tashoshi za ka iya ganin wasu abubuwa jere sak fiyus, ƙwayayen fitilar fuska ne masu bolt 8, kar ka sa fiyus a gurbinsu.

In Allah ya sa rediyon ya kama, kar ka yi saurin jona sifika. Sa mita a DC ka auna bakin inda ake jona su, ya kamata kaga kusan sifili, ƙasa da milibolt 50 haka, in kaga bolt 20 ko 30 kashe, zai ƙona maka sifika.

Yanzu dai ka turo hoton fiyus ɗin na farko a haske, da rubutun bakinsa, da hoton bayan rediyon inda lambar samfurin take, sai mu ga ta inda za a fara. Kar ka ƙara sa wani fiyus kafin nan. Allah ya taimaka.