An tsare ɗana saboda rubutun Facebook: amsar lauya

Wani dattijo daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja ya rubuto mini cewa iskar damina ta yaye kwanon makarantar firamarensu, ɗansa ya ɗauki bidiyon yara zaune a ƙasa suna karatu ƙarƙashin darbejiya, ya sa a Facebook, ya kuma rubuta cewa wani jami'i ya cinye kuɗin gyara. Yau kwanansa huɗu a hannun 'yan sanda, wai ya karya dokar intanet.

Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Dokar da suke nufi ita ce ta laifukan intanet ta 2015, sashe na 24. A da, wannan sashe ya haramta saƙon da aka tura don cin fuska ko ɓata wa wani rai, kuma da shi aka riƙa kama 'yan jarida da matasa. Kotun ECOWAS ta ce ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Abin da ya rage yanzu shi ne saƙon batsa, da ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don tayar da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari, sai barazana. Bidiyon makarantar da kowa a garinku ke gani da idonsa bai shiga ko ɗaya ba, kuma sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki, yana tare da yaron. Laifukan wannan doka Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron su, akwai ta a Dutse.

Inda nake jin tsoro shi ne kalmar "ya cinye". Ɓata suna laifi ne a Penal Code, wato dokar laifuka ta jihohin Arewa, wanda aka ambata kuma yana iya neman diyya. Kariyar yaron ita ce maganar ta zama gaskiya, an kuma faɗe ta don amfanin jama'a. To, yana da takardar da ta nuna an fitar da kuɗin? In a majalisar mai shayi ya ji, wannan jimla ce kaɗai za ta wahalar da mu.

Tsarewar kuwa ta saɓa doka. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Gobe da sassafe ka je da mai tsaya masa, a nemi beli a rubuce. Beli kyauta ne, kada ka sayar da akuya ko buhun gero saboda shi. In sun ƙi, lauya zai shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a babbar kotu, in babu halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Kada ya sa hannu a kan bayanin da ba a karanta masa da Hausa ba. Kada kuma ku goge bidiyon, ku ɗauki hoton rubutun da kwanan watansa ku ajiye.

Sulhu ta hannun dagaci ko hakimi ma hanya ce, kuma ban raina ta ba. Yaron zai iya janye zargin cin kuɗi in ba shi da hujja. Amma kada a sa shi ya ce bidiyon ƙarya ne, tunda har yau makarantar ba rufi.